Shin Ko Kun San? Kwarin Babban Sarki, Inda Ake Hira Da Fito

Shin ko kun san akwai tsibirin da idan yaro ya yi fito a cikin aji malami ba zai ɗauko bulala ba, sai dai ya matso ya gyara masa yadda ya sa yatsa a baki? Sunan tsibirin La Gomera, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari da ke cikin Tekun Atlantika, yamma da Maroko, a ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Tun shekarar 1999 aka wajabta koyar da fito a makarantun tsibirin, ana kuma duba ƙoƙarin yaro a kansa kamar sauran darussa. Mu da muka tashi ana tsorata mu da cewa fito da dare kiran aljanu ne, sai mu riƙe baki.

Kada ku ɗauka irin fiton nan ne na kiran kare, ko na samari a bakin titi. Magana ce cikakkiya, sunanta Silbo Gomero. Duk abin da baki zai iya faɗa da Sifaniyanci ana iya busa shi: sunan mutum, sanarwar rasuwa, gayyatar biki, cigiyar akuya, ko a ce wa wane ya taho da gatari idan zai hauro. In iska ta yi daɗi saƙon kan kai kilomita 3, wasu ma sun ce har 5. A shekarar 2009 hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun da duniya ta gada.

Ko kun san ba tsuntsun nan kanari ne ya ba tsibiran suna ba, su ne suka ba shi nasu? Asalin sunan kuwa daga kalmar kare ne a harshen Latin. Marubucin Rumawa Pliny Babba ya ruwaito cewa mutanen da Sarki Juba na Biyu ya aika bincike sun tarar da manyan karnuka a ɗaya daga cikin tsibiran. Ke nan mai kanari a keji, duk safiyar da ya kira tsuntsunsa, sunan kare yake ambata bai sani ba.

Shin ko kun san me ya sa mutanen La Gomera suka koma magana da fito? Ƙasar ce ta tilasta musu. Ku ɗauki malmalar tuwo, ku sa yatsu ku ja daga tsakiyarta zuwa gefe ta kowace fuska, to ga taswirar tsibirin nan. Tsakiyarsa tudu ne mai tsayin mita 1,487, daga nan kwazazzabai masu zurfi suka tsattsage zuwa bakin teku. Dutse mai aman wuta ne ya haifi tsibirin, amma ya yi shiru tun kimanin shekara miliyan 2, ya bar ruwa da iska suna ta sassaƙa. Girmansa duka bai wuce murabba'in kilomita 370 ba, mutanensa kimanin 22,000, wato wata unguwa guda a birnin Kano ta fi su yawa. Amma a can kana iya hango maƙwabcinka yana shanya a ƙofar gidansa, ka ga har launin rigarsa, kafin ka gangara ka sake haurawa ka isa wurinsa rana ta yi tsaka. Wanda yake cikin wannan hali, ko ya koyi kiran da zai tsallaka rami, ko ƙafarsa ta gaya masa.

Mafi shahara cikin kwarurrukan nan shi ne Valle Gran Rey, ma'ana Kwarin Babban Sarki, a kudu maso yammacin tsibirin. Mai ziyara yakan hau jirgin ruwa daga Los Cristianos a tsibirin Tenerife, cikin kamar minti 50 ya sauka San Sebastián, babban garin La Gomera. Daga nan zuwa kwarin, da tsuntsu ne bai fi kilomita 25 ba, amma mota sai ta ci fiye da awa guda tana kwana-kwana, ta haura cikin gajimare, ta ratsa daji, ta fito. Sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka. Bangon dutse hagu da dama, gonaki hawa-hawa kamar matakala an tokare kowace da jeren duwatsu da hannu, fararen gidaje sun maƙale a jikin gangare, itatuwan dabino ko ta ina, can ƙarshe kuma teku da baƙin yashi. A gefen hanyar akwai wurin tsayawa a yi kallo da mai zanen nan César Manrique, ɗan tsibirin Lanzarote, ya tsara. Ya gina shi da irin dutsen wurin, har sai ka zo dab kafin ka gane gini ne. Gani ya kori ji.

Ko kun san amsa-kuwwa tana da ƙa'idar nisa? Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Kunnen mutum kuwa ba ya raba sauti biyu sai an samu tazarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a tsakaninsu. Saboda haka bango sai ya kai nisan mita 17 daga gare ka kafin ka ji muryarka ta dawo daban. Shi ya sa ɗakinka ba ya amsa maka, amma kwazazzabo yana yi. Idan ka yi kira a kwari ka ƙirga daƙiƙa biyu kafin amsa ta zo, dutsen da ya mayar maka yana nesa da kai da kusan mita 340.

Ga inda abin yake da ban sha'awa. Amsa-kuwwar da ke burge baƙo, ita ce abokiyar gabar mai son isar da saƙo. Ka ɗaga murya ka ce "kawo igiya", bangon dama ya maimaita, na hagu ya maimaita, kalmomin su hau kan juna, wanda ke tsallake ya ji hayaniya kawai. Muryar mutum tarin sautuka ne da yawa a haɗe, nisa yana cinye wasu, dutse yana cakuɗa sauran, ga kuma maƙogwaro yana gajiya. Fito kuwa siriri ne, sauti guda tsaf, mai kaifi, yana tafiya a saman ƙarar iska da ta ruwa. Gwanin fito kan kai ƙarfin da ya zarce kowace irin kururuwa, har na kusa da shi ya toshe kunne. Yakan lanƙwasa yatsa guda ya sa a baki, ya kafa ɗaya tafin a gefen kumatu ya nuna wa sautin hanya.

Shin ko kun san Silbo ba shi da kalmomin kansa? Riga ce kawai, Sifaniyanci ne a ciki. Mai fito yana motsa harshensa kamar zai furta kalmar, sai dai maimakon murya iska ce ke fita. Wasalin "i" shi ne can sama, "o" da "u" can ƙasa. Baƙaƙe kuwa ana gane su ta yadda sautin ya katse, ko ya zame sama, ko ya zame ƙasa. A 1978 masanin harshe Ramón Trujillo na Jami'ar La Laguna ya ce duka-duka wasula 2 ne da baƙaƙe 4 a cikinsa. Masu binciken da suka zo bayansa sun ce a'a, ƙwararru suna bambanta wasula 4. Ko wanne aka ɗauka, kayan aikin kaɗan ne, kalmomi da yawa suna kama da juna, sai mai sauraro ya haɗa da sanin wanda ke magana da abin da ake ciki. Shi ya sa akan fara da kiran sunan mutum, a jira ya amsa, sannan a shiga zance.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ya ji kalangu yana kiran sunan mutum har ya waiwaya, ya san sauti kan yi magana ba da baki ba. Bambancin shi ne kalangu hawa da saukar muryar Hausa yake bi, domin harshenmu mai karin sauti ne. Sifaniyanci ba shi da wannan, don haka fiton Gomera wasula yake kwaikwayo. A wuraren da harshe ke da karin sauti, kamar wajen Mazatek na ƙasar Meziko, fitonsu hanyar kalangu yake bi.

E, ba su kaɗai ba ne. Akwai ƙauyen Kuşköy a arewacin Turkiyya, wanda sunansa ke nufin ƙauyen tsuntsaye, akwai Antia a tsibirin Evia na Girka, akwai makiyaya a tsaunukan Atlas na Maroko. Kusan duk inda ka ji labarin, tsauni ne ko kurmi. Abin da ya fifita na Gomera shi ne yawan masu jin sa da kuma shigarsa aji.

Ko kun san an taɓa leƙa ƙwaƙwalwar masu fiton? A 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken Manuel Carreiras da abokan aikinsa. Sun sa gwanayen Silbo da waɗanda ba su iya ba cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka kunna musu fito. A kan gwanayen, sassan da ke aikin fahimtar magana ne suka motsa, daidai da yadda suke yi idan an yi musu Sifaniyanci. Ga sauran kuwa, ƙara ce kawai ta shiga kunne.

Shin ko kun san Turawan farko da suka ji su sun ɗauka ba su da harshe a baka? Malaman coci biyu da suka raka Bafaranshe Jean de Béthencourt a yaƙin da ya fara a 1402 sun rubuta a littafin da ake kira Le Canarien cewa mutanen Gomera da leɓɓa suke magana. Suka kuma kawo labarin da ake yaɗawa, wai wani babban sarki ne ya sa aka yanke wa kakanninsu harshe saboda laifi, aka zubar da su a tsibirin. Tatsuniya ce, kuma mai fito ma ya fi kowa buƙatar harshensa. Amma ta nuna cewa fiton ya girmi Sifaniyanci a tsibirin. Da wani harshe ake busa shi kafin nan.

Wane harshe? Nan zancen ya matso gida. Mutanen farko na tsibiran Kanari daga Arewacin Afirka suka fito, dangin Berber ne, binciken jini da ragowar kalmominsu duk sun nuna haka. An samu rubutu a jikin duwatsun tsibiran, har da na La Gomera, da tsofaffin haruffan da suke tushe guda da Tifinag, rubutun da Buzaye ke yi har gobe a Agadas. Makiyayan awaki ne, suna noman sha'ir, ba su da ƙarfe. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lokacin da Turawa suka iso ba su tarar da su da jiragen ruwa ba, alhali ta ruwa suka zo. Suna hango tsibirin da ke kusa, ba sa zuwa.

Ko kun san wane ne Babban Sarkin da kwarin ya ci sunansa? Mutanen wurin sun ce Hupalupa ne, wani dattijo mai faɗa a ji a ƙarshen ƙarni na 15. A zamaninsa tsibirin yana hannun wani ɗan sarautar Sifaniya, Hernán Peraza Ƙarami, wanda ya yi suna wajen zalunci da sayar da mutane bayi. Akwai alkawari tsakanin gidansu da wasu ƙabilun tsibirin, an ƙulla shi ta hanyar shan madara a kasko guda. A al'adarsu wanda kuka sha madara tare ya zama ɗan'uwa, matan gidan sun haramta gare shi. Musulmi ba zai sha wahalar gane nauyin wannan ba, ko da yake namu ta shayarwa ne. Peraza ya take wannan, ya shiga neman wata budurwa mai suna Iballa.

To, a ƙasar da magana ke tsallaka kwari, ina za a ƙulla asiri? Fito ba ya da rufi, duk mai kunne a kwarin ya ji, dutse ma maimaitawa yake. Labarin gargajiya ya ce Hupalupa da ɗansa da wani jarumi mai suna Hautacuperche sai suka yi iyo zuwa wani dutse a cikin teku, gaban bakin kwarin, inda ba mai jin su sai igiyar ruwa. Har yau sunan dutsen Baja del Secreto, wato dutsen asiri. Can suka yanke hukunci a kan Peraza. A hanyar dawowa ɗan ya nuna tsoro, ya tambayi abin da zai faru in maganar ta fita. Uban ya ce in ta fita ta bakinka ne, ya kashe shi nan take. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan dattijo ya kai abin inda hankali ba ya ɗauka.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne a watan Nuwamba na 1488 Hautacuperche ya soke Peraza a bakin kogon Guahedum, inda ya je wurin Iballa. Aka fasa kaskon alkawari, aka yaɗa labari daga kwari zuwa kwari, masu ba da labari sun ce da fito. Matar Peraza, Beatriz de Bobadilla, ta kulle kanta a hasumiyar San Sebastián, wadda ake kira Torre del Conde, an gina ta wajen 1450, tana nan tsaye har yanzu. A wajen kewaye hasumiyar aka harbe Hautacuperche. Sai gwamnan Gran Canaria, Pedro de Vera, ya iso da mayaƙa. Ramuwar da ya yi ta fi ƙarfin laifin nesa ba kusa ba: aka karkashe maza masu yawa daga shekara 15 zuwa sama, aka sayar da mata da yara, har sai da limaman coci suka kai ƙara fadar Sifaniya aka ba da umarnin 'yanta wasu. Yau akwai babban mutum-mutumin tagulla na Hautacuperche a bakin tekun kwarin, riƙe da fasasshen kasko.

Shin ko kun san bayan shekara huɗu kacal, daga wannan tsibiri Kolumbus ya yi sallama da duniyar da ya sani? A San Sebastián ya ɗebi ruwa da guzuri, ya tashi ranar 6 ga Satumba 1492, bai sake taka ƙasa ba sai 12 ga Oktoba, a can yankin Amurka. Mai mulkin tsibirin a lokacin ita ce Beatriz ɗin nan. Ya sake biyowa a 1493 da 1498, kuma tun a zamanin ake tsegumin cewa ba ruwan sha kaɗai ke kawo shi ba. Rijiyar da aka ce ya ɗiba tana nan ana nuna wa baƙi.

Ko kun san tudun da ke tsakiyar tsibirin sunan masoya biyu ne aka haɗa? Haka dai tatsuniya ta ce. Gara gimbiya ce a Gomera, Jonay kuma ɗan sarki ne daga Tenerife. Da yake babu jirgi, sai ya hura salkunan fatar akuya ya ɗaura a jiki ya ƙetaro. Ana cikin shirin aure sai dutsen Teide na Tenerife, wanda tsayinsa ya haura mita 3,700, ya fara aman wuta. Dangi suka ce wannan mugun nufi ne, a raba su. Suka gudu can ƙololuwa, da aka ritsa su suka fiƙe sanda ta kai biyu, suka kafa a tsakanin ƙirazansu, suka rungumi juna. Wurin ya zama Garajonay. Wasu masana dai na ganin sunan ya riga labarin, daga baya aka saƙa masa tatsuniya. Ni ma na fi karkata can, domin labarin ya yi kyau da yawa.

A arewa maso yamma akwai maɓuɓɓugar Epina, inda ruwa ke zuba ta indararo bakwai na itace. Maza su sha daga na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai, mata su sha daga na biyu, na huɗu da na shida. Macen da ta sha na maza, in ji masu camfi, mayya za ta zama. A tsakiyar dajin da ya lulluɓe tudun Garajonay kuma akwai fili da ake kira Laguna Grande, wanda aka ce nan mayu ke taron dare. Yanzu wurin cin abincin masu yawon buɗe ido ne, da lilon yara.

Shin ko kun san dajin nan tatsar gajimare yake yi? Iskar arewa maso gabas tana turo gajimare ya daki tudun, ya ratsa cikin itatuwa, danshin ya taru a ganye da gansakuka, ya riƙa ɗiga ƙasa ko ba a yi ruwan sama ba. Wannan ɗigon ne ke ciyar da maɓuɓɓugan da ke shayar da ayaba da mangwaro a can ƙasan kwari. Irin wannan kurmi ya taɓa rufe kudancin Turai da Arewacin Afirka miliyoyin shekaru da suka wuce, sanyi da fari suka share shi, ya rage a tsibirai kaɗan. An mai da shi gandun ƙasa a 1981, UNESCO ta karɓe shi a 1986. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 40. Wani lokaci kuma iska kan juyo daga gabas ɗauke da ƙurar Sahara, sama ta yi ja. Su suna ce mata kalima, mu da hazo muka san ta.

Wuta ce babbar barazanarsa. A Satumban 1984 gobara ta kashe mutum 20 kusa da dutsen Agando. A Agustan 2012 wata ta ci wani babban yanki na gandun, ta gangaro cikin Kwarin Babban Sarki, aka kwashe dubban mutane, wasu ta jirgin ruwa da dare.

Ko kun san suna da zumar da ba ƙudan zuma ya yi ba? Dabinon Kanari ɗan'uwan namu ne, sai dai 'ya'yansa ba su da wani nama. Abin nema yana can a ƙoƙon kansa. Da yamma mutum zai hau, ya feffeƙe saman, ya rataya bokiti, ruwan itacen ya kwana yana tsiyaya. Tun kafin rana ta fito ake saukewa, domin zafi na taɓa shi zai yi tsami ya kama hanyar zama bammi. Sai a dafa shi awanni har ya yi kauri ya yi baƙi. Itacen da aka tatsa akan bar shi ya huta shekaru. Dokar Tarayyar Turai ta ce abin da ƙudan zuma ya yi kaɗai za a rubuta wa zuma a kwalba, su kuwa mutanen tsibirin a baki ba su fasa ba. Da ita ake cin gofiyo, garin hatsin da aka soya kafin a niƙa, abincin da suka gada tun kafin zuwan Turawa. Akwai kuma almogrote, busasshen cukun akuya da ake dakawa da tafarnuwa da barkono da mai, a shafa a burodi.

A ƙauyen El Cercado da ke saman kwarin, mata na gina tukwane da hannu zalla, ba tare da faifan juyi ba, kamar yadda kakanninsu suka yi. Makiyaya kuma suna da wata doguwar sanda mai tsinin ƙarfe, ta fi mutum tsayi nesa, da ita suke dira daga dutse zuwa dutse: a kafa ta a ƙasa, a zamo a jikinta. Ƙafa ta samu sanda, baki ya samu fito.

Shin ko kun san wani ƙadangare ya dawo daga cikin matattu a wannan kwari? Ƙasusuwansa kawai masana suka sani, an ɗauka ya ƙare tun da daɗewa. A 1999 masu bincike daga Jami'ar La Laguna suka samu guda shida da rai a jikin bangon dutsen La Mérica, inda kuliyoyi ba sa iya kaiwa da sauƙi. Tsawonsa ya kai kusan rabin mita. Yanzu akwai cibiyar kiwonsa a kwarin, ana renon 'ya'yan ana mayarwa daji.

Ko kun san fiton ma saura ƙiris ya bi sahun ƙadangaren? Dattawan tsibirin kan ba da labarin yadda a zamanin mulkin Janar Franco a Sifaniya ake amfani da shi a sanar da masu yin gawayi a daji cewa jami'an tsaro sun doso, su jami'an suna ji ba su san da su ake ba. Amma talauci ya kori mutane. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce mazauna tsibirin sun kusa 30,000, kafin 1990 sun koma ƙasa da 20,000. Aka yi tituna, aka ja waya, gonakin tudu suka koma kufai. Waɗanda suka rage kuma suka fara jin kunyar fito, suna ganin sa abin ƙauyawa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wasu gwanaye, cikinsu har da Isidro Ortiz, suka fara koya wa yara bayan an tashi daga makaranta, har abin ya kai ga doka. Yau za ka samu gidan da jika ya iya, kaka ya iya, uban da ke tsakiya bai iya ba. A 2019 har fim aka yi a kansa, na ɗan Romaniya Corneliu Porumboiu, inda ɗan sanda ya je tsibirin koyon fito don ya yi magana da 'yan fashi ba a gane ba.

Ina mutanen suka tafi? Kuba da farko, daga baya Benezuwela, wadda mutanen Kanari ke kira tsibiri na takwas. Da yawa a ɓoye suka fita, domin gwamnati ba ta ba da izini da sauƙi. A Agustan 1950 wani jirgin ruwa mai filafilai, Telémaco, ya tashi daga gaɓar wannan kwari da mutum 171, mace guda ce a cikinsu. Guguwa ta same su a tsakiyar teku ta kwashe musu abinci da ruwa, da ƙyar suka kai Martinik, daga nan suka ƙarasa Benezuwela bayan fiye da wata guda, inda aka tsare su a matsayin baƙin haure. A 2024 kuma mutum fiye da 46,000 ne suka iso tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, akasari daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta kan wannan teku dai.

Waɗanda suka cike gurbin masu tafiya su ne Turawan arewa, musamman Jamusawa, da suka fara zuwa tun wajen 1970 suna neman inda ba hayaniya. Wasu ba su koma ba. Tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel ma ta sha zuwa tsibirin hutu tana taka sayyada a tsaunuka. Da yamma akan taru a bakin tekun kwarin ana kaɗa ganguna har rana ta faɗi.

Shin ko kun san masu kallon faɗuwar ranar nan wani lokaci sukan hango tsibirin da babu shi? Tsibirin El Hierro na nan, na La Palma na nan, amma tun ɗaruruwan shekaru mutanen tsibiran yamma ke rantsuwa cewa sun ga wani daban can bayansu, mai tudu biyu, ya bayyana ya ɓace. San Borondón suke ce masa, daga sunan Brendan, wani malamin coci ɗan Ayalan da aka ce ya yi yawo a teku. Masana sun ce tarin gajimare ne ko kawalwainiya. An zana shi a taswirori, an kuma tura jirage nemansa ba sau ɗaya ba. Na ƙarshe da hukuma ta aika ya tashi a 1721, ya gama kewayensa ya dawo hannu rabbana.